An yi mini aiki a ƙafa, me zan yi da hannuwana? Tambayoyi da amsoshi kan zaman jinya

Shekara biyu ke nan da santsi ya kwashe ni a bakin rariya, da bokitin ruwan wanki a hannuna. Idon sawuna na dama ya karye wuri biyu, aka yi mini aiki, aka sa ƙarfe da kusoshi, aka ce kada in kuskura in taka har mako 6. Tun daga lokacin, duk wanda aka yi wa aiki a ƙafa cikin dangi ko a unguwa, sai a ce a kira ni. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne kullum, shi ya sa na tattara su wuri guda. Sana'ata ɗinkin hula, kuma mafi yawan masu tambayar mata ne, don haka da su na fi yin magana, ko da yake na maza ma na nan. Abu ɗaya tun farko: in maganata ta saɓa da ta likitan da ya buɗe ƙafarki, tasa za ki ɗauka, domin shi ya ga ƙashin da idonsa.

Kwana nawa zan yi a zaune?

Ya danganta da abin da aka taɓa. Ƙafa ɗaya, daga diddige zuwa yatsu, tana da ƙashi 26 da gaɓa 33, kuma ba tafiyarsu ɗaya ba wajen warkewa. In karayar idon sawu ce aka sa ƙarfe, yawanci ana hana takawa kamar mako 6, ana cire zare tsakanin kwana 10 zuwa 14, ƙashin kuma yakan haɗe tsakanin mako 6 zuwa 12. Wadda aka gyara wa babban yatsa, wani lokaci akan ba ta takalmi na musamman ta fara dogarawa da diddige da wuri. Wadda aka ɗinke wa agara kuwa, tata ta fi tsawo. Kumburi shi ne baƙon da ba ya saurin tafiya: yakan yi watanni, wasu har shekara suna ganinsa da yamma.

Kafin a sallame ki, ki tambayi likita abu uku kai tsaye. Zan taka ko ba zan taka ba? In zan taka, da dukan nauyina ko dangalawa kawai? Wace rana zan dawo? Mutane da yawa suna komawa gida da jakar magani, amma ba su san amsar ta farko ba.

Me ya sa kowa sai ya ce in ɗaga ƙafa? Ai a kujera nake zaune, ba na takawa.

Wannan tambayar ita ce uwar sauran. Rashin takawa daban, ɗagawa daban. Ƙafa ita ce ƙarshen jiki, ruwa kuwa gangara yake bi. Lokacin da kike lafiya, tafiyar da kike yi ce take sa naman sha-raɓa ya riƙa matse jijiyoyi yana kora jini sama. Yanzu wannan ya tsaya. In kin zauna a kujera ƙafa na lilo, jini da ruwa sai su taru a ƙasa, wurin ya kumbura, fata ta ɗame. A idon sawu kuwa fatar ba ta da kauri, ƙashi da ƙarfen suna nan ƙarƙashinta kaɗan. Fatar da ta ɗame tana jan ɗinki, ɗinkin da aka ja yana iya buɗewa, rauni buɗaɗɗe a kan ƙarfe kuma shi ne abin da likitocin ƙashi suka fi tsoro.

Saboda haka a mako biyun farko ƙafar ta fi ƙirjinki tudu a mafi yawan yini. Ki kishingiɗa, ki jera matashi biyu ko uku a ƙarƙashin sha-raɓa, ki bar diddigen a sake, kada ya danni komai, domin diddigen da ya daɗe a danne yana yin gyambo a cikin filasta, wato simintin da aka ɗaure ƙafar da shi, ba ki sani ba.

Daga nan duk wani aiki da ya zo miki a rai, ki auna shi da tambaya ɗaya: zan iya yin sa ƙafata na sama? In e, bismilla. In a'a, ba naki ba ne tukuna. Da dare kuma ki duba yatsunki. In sun fi na safe kumbura sosai, ko ƙafar na zugi, to kin wuce gona da iri a ranar, gobe sai ki rage. Jiki magayi.

To a makon farko me zan yi?

Kusan babu. Maganin ciwo yana sa jiri da gyangyaɗi, kuma ba a riƙe allura ko wuƙa da ido a lumshe. Ni carbi na riƙe, da rediyo, da karatu a waya. Da na ɗan farfaɗo sai na fara warware zaren da ya cukurkuɗe a jakata, ina naɗe kowane launi daban. Aiki ne marar nauyi, amma ya ba yinin fasali, ya kuma shirya mini kayan da zan yi amfani da su a gaba.

Wane aikin hannu ya fi dacewa da mai jinyar ƙafa?

Wanda zai zauna a cinyarki, ba ya son wuta, ba ya son ruwa mai yawa, kuma in kin gaji za ki ajiye ba tare da ya lalace ba.

Ba don sana'ata ba ce, amma ban ga kamar ɗinkin hula ba. Kayanta duka ƙyalle ne da allura da zare, sun shiga ƙaramar jaka. Mai zane ya riga ya zana, naki bi ne kawai, ido bayan ido. Kuma hular zanna mai cikakken aiki ba a gama ta a kwana biyu, makonni take ci, ga shi kuwa makonni aka ba ki. Na gama guda biyu a zaman nan nawa, ta farkon kuma har yau in na duba ina gane inda na ɗinka a kwanakin zugi, domin zaren ya fi ɗamewa a wurin. Wadda ba ta taɓa yi ba, ta nemi maƙwabciya mai yi ta nuna mata a kan guntun ƙyalle. Kwana uku sun isa hannu ya fara sabawa, sauri ne ke zuwa daga baya.

Saƙar kwarashi ita ma ta dace ƙwarai: hular jarirai, safa, mayafin goyo. Tana da wani amfani na daban, domin yatsun da suka leƙo daga filasta suna jin sanyi, musamman da hunturu, kuma safar kanti ba ta shiga. Ki fara da saƙa wa yatsunki 'yar hula mai faɗi, sakwa-sakwa, wadda ba za ta matse ba.

Saƙar faifai da mafici na yiwuwa, sai dai kaba tana son a jiƙa ta, don haka wani ya jiƙa miki ya tsane, ki shimfiɗa leda a cinya kada ruwa ya gangara kan filasta. Tabarma kuwa ki bar ta tukuna, domin haɗa ta na son zaman ƙasa da yawan matsawa. Akwai surfani a rigar filo da zanen gado, akwai kalmasa da sa maɓalli, akwai tulin kayan yara da suka ɓarke aka ce sai an sami lokaci. Ga lokacin ya zo.

Jeren duwatsu na sarƙa da jigida yana da daɗi, amma ina jan kunne a kansa. Dutse ɗaya in ya gangara ƙasa ya shiga ƙarƙashin robar sandar da kike dogarawa, ya isa ya kayar da ke. In za ki yi, ki zuba su a faranti mai zurfi, kuma a share ɗakin kafin ki tashi. Haka allura: ki soke ta a wuri ɗaya kullum, kada ta ɓace a katifa.

Kada daɗin aiki ya sa ki ƙame. Duk bayan rabin awa ki ajiye, ki miƙe wuya da kafaɗa, ki motsa yatsun ƙafar sau goma ko ashirin, ki sha ruwa. Ki zauna inda haske yake, kusa da taga, domin ɗinki a duhu ciwon kai yake haifarwa.

Ni tela ce. Zan iya hawa keke?

Keke mai takawa, a'a, ko da da lafiyayyar ƙafar ce. Zaman keke yana sa mai ciwon ta sauka ƙasa na tsawon lokaci, kuma ƙafar da ta saba da feda tun shekaru tana kai kanta ba da saninki ba. Bayan an cire zare kumburi ya lafa, in kina da keke mai juyawa da hannu, ko na lantarki da za ki danna da ɗaya ƙafar, kina iya yin minti 15 zuwa 20, mai ciwon tana miƙe a kan wata kujera a gefe. Abin da ya fi shi ne ki raba aikin: ke yanka a kan tire mai faɗi, da aikin hannu, da sa dutse, yarinyarki kuma ta hau keke. Masu kaya kuwa ki faɗa musu gaskiya tun wuri, musamman in salla ko biki ya matso. Wadda za ta jira ta jira, wadda ba za ta iya ba a mayar mata da yadinta cikin mutunci.

Ni namiji ne, ban iya ɗinki ba, kuma zaman gida ya ishe ni.

Malam, ɗinki ai ba na mata kaɗai ba ne. Aska takwas da aska biyu da ke jikin manyan riguna, maza ne suka daɗe suna yin su da hannu a zaure da bakin kasuwa, a Zariya da Kano da Bida. Amma in ba shi ranka ke so ba, ga gyaran rediyo da tocila da fanka ƙarama a kan tebur, ga ɗinkin fata ƙanana irin jakar kuɗi da kuben wuƙa, ga sake jera carbin da ya tsinke, ga rubutun allo da biya wa yara karatu bayan magariba. Ɗan kasuwa ya ɗauko littafin bashi ya daidaita shi, ya riƙa bin yaran shago ta waya. Tufkar igiya ce ba na ba da shawara, domin ana riƙe bakinta da yatsan ƙafa ana ja.

Abin da ya fi kayar da maza shi ne babur. Da zarar zugi ya lafa sai mutum ya ce a goya shi zuwa kasuwa, ƙafa na reto cikin rana da cunkoso. Da yawa daga masu karayar nan ma a kan babur suka same ta. Tuƙin mota kuwa, musamman in ƙafar dama ce, sai likita ya yarda, domin taka birki da gaggawa yana son ƙarfin da ƙafar ba ta da shi tukuna. Mai shan taba ko shisha kuma ya sani hayaƙin nan yana takura jijiyoyin jini, yana jinkirta haɗewar ƙashi da warkewar rauni. In akwai lokacin bari, wannan ne.

Aikin gida fa? Ba ni da mai aiki, kuma ba na son in zama kaya.

Akwai aikin gida mai yawa da ke zuwa har cinya. Tsintar shinkafa da wake, zage zogale, gyaran alayyafo, yanka kuɓewar shanyawa, ɓarar gyaɗa da masara, ferar dankali, tankaɗe, ninke kaya, tsifa da kitson yara. In kin yi waɗannan kin ɗauke wa mai girki rabin wahala.

Waɗanda ba naki ba: daka da surfe, jan ruwa a rijiya, shara a sunkuye, wanki a tsugune, shanya, tuƙin tuwo, sauke tukunya daga wuta. Duk waɗannan suna son ƙafa biyu a kafe. Tsayuwa da ƙafa ɗaya a gaban tafasasshen ruwa ko mai, wallahi ba jarumta ba ce. In dole ne ki dafa wani abu babu kowa, a ɗora miki risho ko ƙaramin gas a kan tebur mai ƙarfi, ki zauna a kujera mai tsayi, ƙafar a kan wata kujerar nesa da wuta, ki dafa a ƙaramar tukunya, ki zuba a nan, ki ci a nan.

Ki lura da kujera 'yar tsuguno. Zama a kanta da sauƙi, tashi ne aiki, kuma a wurin tashin ne ake dafa ƙasa da ƙafar da aka hana. Haka katifar ƙasa. In da hali a ɗora ta a kan gado, ko a riɓa biyu, har tsayinta ya kai kusan gwiwa.

Maganar zama kaya kuwa, ki tuna sau nawa kika yi wa wasu zaman jego da jinya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai cewa «in akwai abin da zan yi ki faɗa», ki ba ta aiki takamaimai: wankin ranar Laraba, kai yara makaranta, miyar kwana biyu. Mutane sun fi jin daɗin taimako in an faɗa musu abin da ake so.

Yaya zan ɗauki abu alhali hannuwana biyu na kan sanduna?

Jaka mai rataya a wuya ko ta goyo, da fulas mai murfi, da kwano mai rufi. Kofi a buɗe ba ya tafiya da sanda. A gefen gadonki a ajiye kwando ɗaya mai ɗauke da magani, ruwa, waya da caja, tocila, kayan ɗinki, don kada ki riƙa tashi saboda abu ɗaya-ɗaya.

Sandunan kansu a daidaita su: samansu ya tsaya kamar faɗin yatsa biyu ko uku ƙasa da hammata, nauyinki kuma a tafin hannu yake, ba a hammata ba. Akwai jijiyoyi a wurin da in aka daɗe ana danne su hannu yakan mutu, ke kuwa hannun ne jarinki yanzu. A wajen hawa dakali ko matakala lafiyayyar ƙafa ce ke fara hawa, a wajen sauka sanduna da mai ciwon ne ke fara sauka. A naɗe tabarmi da dardumar da ke kan hanya, a ɗauke wayoyin wuta, a duba robar gindin sanda ko ta cinye.

Bayan gidanmu na tsuguno ne. Yaya zan yi?

Wannan ita ce tambayar da ake jin nauyin yi, kuma ita ta fi damun mutane. Tsuguno da ƙafa ɗaya ba ya yiwuwa cikin aminci. Ana sayar da kujera mai rami a shagunan kayan asibiti, in kuma ta yi tsada kafinta zai yi miki ta katako mai ƙarfi a yini ɗaya, a ɗora ta a kan masai ko a sa fo a ƙarƙashi. Da dare ta kwana kusa da ke. Maganin ciwo mai ƙarfi da rashin motsi suna ɗaure ciki, don haka ki yawaita ruwa da ganye da gwanda da lemo.

Wanka a zaune, a kujerar roba mai ƙarfi, ƙafar a naɗe da leda an ɗaure bakinta, an miƙe ta a kan wata kujera can gefe. Leda tana hana fantsama ne kawai, ba ta hana ruwa shiga in an kwara. A kankare gansakukar makewayi, kuma kada ki sa sakata. In filasta ta jiƙe har ta yi laushi, a koma asibiti a sake ta.

Surukaina da baƙi suna ta zuwa dubiya. Ina jin kunyar miƙe ƙafa a gabansu.

Na san wannan sarai. An rene mu a kan cewa ba a miƙe ƙafa a gaban manya, ba a gaishe su daga kwance. Ranar da kawun maigidana ya zo, kafin in ankara na sauke ƙafa ina ƙoƙarin durƙusawa. Shi ne ya daka mini tsawa, ya ce, «Ke 'yar nan, koma ki kwanta, lalura ai ta wuce kunya.» Daren nan ban yi barci ba don zugi, domin bayan tafiyarsa ma wasu sun zo na yi ta zama ƙafa a ƙasa har la'asar.

Abin da na koya: ki lulluɓe ƙafar da zane, ki ce, «Baba, a gafarce ni, likita ya ce kada in sauke.» Ban taɓa ganin dattijon da ya ji haushin wannan ba. Wanda zai yi gunaguni, ba shi zai kwana da zugin ba. Kuma a nan aikin hannu yake da wata fa'ida da ba a cika faɗa ba. Mace in tana zaune hannu sake, ga baƙi, ga gida a hargitse, zuciyarta ba za ta bar ta ba sai ta tashi. In kuwa da hula ko saƙa a hannunta, ita da masu kallonta duk sun ga tana wani abu. Ɗinkin nan ba don ki nuna ba ki da lalaci ba ne, turke ne da zai riƙe ki a zaune har ƙashin ya haɗe.

Cikin filastar na yi mini ƙaiƙayi. Zan iya zura kwarashi in sosa?

Kada ki yi. Ko kwarashi, ko tsinken tsintsiya, ko biro. Fatar ciki ta yi laushi, ƙaramin ƙwarzane yana iya zama gyambo a inda ba mai gani. Kada kuma a zuba hoda ko mai. Ki ɗan ƙwanƙwasa bayan filastar da yatsa, ko ki sa fanka ko mafici ya hura iska ta bakinta.

Wace alama ce zan gani in ajiye komai in tafi asibiti?

Ciwon da ke ƙaruwa duk da magani da ɗagawa. Yatsu su yi fari fat ko su yi duhu, su yi sanyi, su mutu, ko ki kasa motsa su. Zazzaɓi, wari daga filasta, ruwa ko mugunya na ɓullowa. Sha-raɓa ko cinya ta kumbura, ta yi zafi, ta yi tauri, domin wannan na iya zama gudan jini a jijiya, kuma kada a murza wurin. In kuwa numfashi ya sarƙe farat ɗaya, ko ƙirji ya soke, ko tari da jini, to ba a jiran gari ya waye, gudan jinin na iya kaiwa huhu.

Mai ciki, da mai jego, da mai shan ƙwayar tsarin iyali, da mai ƙiba sosai, da wadda ta taɓa samun gudan jini, su faɗa wa likita tun kafin aiki. In an ba ki allura ko ƙwayar tsinka jini, ki cika kwanakin da aka ce. Haka in kin faɗi ko kin taka da ƙarfi bisa kuskure, ki faɗa, kada ki ɓoye don tsoron faɗa.

Salla da alwala fa?

Addini ya yi sauƙi a nan. A hadisin Imrana ɗan Husaini da Bukhari ya ruwaito, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Don haka ki yi a zaune, ƙafar a miƙe, ki yi nuni a ruku'u da sujada, na sujada ya fi ƙasa. A alwala kuwa, malamai sun yi bayanin shafa a kan ɗauri: ki wanke sauran gaɓoɓi, ki shafi bayan filastar da danshin hannu, ba kwara ruwa ba. Don wankan tsarki da azumi, ki tambayi malamin da kika yarda da shi, ki kuma gaya masa abin da likita ya ce game da lokutan shan magani.

Ina da yaro mai rarrafe da na goye.

Goyo a kan sanduna, a'a, ko taku ɗaya. A miƙo miki shi kina zaune, ki shayar, ki yi masa wasa, a karɓa. Mai rarrafe kuma yana son kama sanda ya miƙe, yana son faɗawa kan ƙafar da ke bisa matashi, sannan allura da duwatsu duk baki yake kai su. Ki sa kayan aikinki a gwangwani mai murfi. Manyan yaran kuwa ki jawo su jiki: mai shekara bakwai zai iya zura miki zare a allura, ya riƙe ulu kina naɗewa. 'Yata ta fari a wannan zaman ta koyi kwarashi.

An ce in kira mai ɗori ya duba, a kuma riƙa gasa mini da ruwan zafi. An ce romon ƙashi na haɗa ƙashi.

Masu ɗori suna da daɗaɗɗen matsayi a wurinmu, ba na raina su. Amma ƙafar da aka buɗe aka sa wa ƙarfe ta riga ta shiga wata hanya. Ja, da murza, da ɗaurin kara, da shafa magani a kan ɗinki, suna iya kwance abin da aka ɗaure ko su shigar da ƙwayar cuta. Ba a haɗa biyun. Ruwan zafi a kan sabon rauni kumburi yake ƙarawa.

Romo ki sha, yana da daɗi, yana buɗe ciki. Sai dai abin da jiki ke gina ƙashi da tsoka da shi yana cikin ƙwai, wake, awara, kifi, nama, nono da kindirmo, da ganye irin zogale da kuka, da riɗi, da 'ya'yan itace irin gwaiba da lemo. Ki ɗan sha hantsi kullum in za a iya fitar da ke tsakar gida. Maganin ciwo kuwa kada a sayo miki ƙari a kemis ba da sanin likita ba, ballantana tiramadol.

Mahaifiyata na da ciwon suga, an yi mata aiki a yatsa. Duk wannan ya shafe ta?

Ya shafe ta, har da ƙari. Suga yana jinkirta warkewa, kuma yakan kashe jin ƙafa, ta yadda za ta ƙone ko ta taka allura ba ta ji ba. A nisantar da ita daga kaskon turaren wuta da garwashin jin ɗumi da dutsen guga. A duba ƙafafunta biyu kullum, har tsakanin yatsu, a riƙa auna suganta. Rashin jin zafi a wurinta ba shaidar sauƙi ba ne. A ba Hajiya aikin da babu tsini a ciki, kamar tsintar wake da zage zogale da naɗe zare.

Wasu ranakun sai in ji kuka kawai nake so in yi. Ni kaɗai ce?

Ba ke kaɗai ba ce, 'yar'uwa. Ni a mako na uku ya same ni, lokacin da masu dubiya suka ɗauke ƙafa, gida ya koma harkarsa, ni kuma ina nan inda nake. Abin da ya taimake ni shi ne na yanka wa yini gaɓoɓi: in yi wanka in sa kaya masu kyau ko ba inda za ni, ɗinki daga hantsi zuwa azahar, barci, aikin cefane da la'asar, karatu da yara da dare. Na kuma sa aka riƙa fitar da ni inuwar tsakar gida, domin bango huɗu na ƙara ƙunci. In abin ya wuce mako biyu, ba barci, ba cin abinci, ba abin da ke yi miki daɗi, ki faɗa wa likita, wannan ma ciwo ne mai magani.

An cire filasta. Yaushe zan koma daka da wanki da kasuwa?

Ranar da aka cire za ki ga ƙafar ta rame, fata na saɓa, idon sawu ya ƙage kamar ba naki ba. Haka kowa ke gani. Ki wanke da ruwa mai ɗumi, ki shafa mai, kada ki ɓanɓare fatar. Daga nan aikin masu gashin ƙashi ne, wato ma'aikatan asibiti masu koyar da motsa gaɓoɓi. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda ke wannan aiki tun 1959, da asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya, duk suna da sashen, manyan asibitocin jihohi da dama ma haka. Za su nuna miki yadda ake jan tafin ƙafa da tawul, da juya idon sawu, da tattara ƙyalle da yatsu, da yadda za ki ƙara nauyi kaɗan-kaɗan har ki ajiye sanda ɗaya, sannan ta biyu. Mutane da yawa suna daina zuwa da zarar sun fara takawa, su kuma ne ake gani da ɗingishi bayan shekara.

Aikin gida ki dawo da shi bi da bi. Na tsaye mai gajeren lokaci shi ne farko, kamar wanke-wanke a kan tebur da shara da doguwar tsintsiya. Girki cikakke ya biyo baya. Tsuguno, da daka, da ɗaukar ruwa a ka, da keke mai takawa, su ne na ƙarshe, domin suna son idon sawu ya lanƙwashe sosai ya kuma ɗauki nauyi. Ni sai a wata na huɗu na iya tsugunawa diddigena a ƙasa, kasuwar Kurmi kuwa na fara komawa sayen zare ne da sassafe kafin a cika, da takalmi mai rufi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, na kuma bar silifa sai da ƙafar ta daina kumbura da yamma.